Ƙwandalar Gida, Asarar Baƙo



Sharhinmu na yau zai yi doguwar tafiya, har birnin Las Vegas na jihar Nevada a Amurka, garin da aka kafa a tsakiyar hamada, wanda abincinsa caca ce da saukar baƙi. Na san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Gaskiyarsa. Caca haramun ce a addininmu, ba na yin ta, ba na kuma yi wa ɗan kowa sha'awarta. Sai dai akwai wata rigima da ta daɗe tana ci a waɗannan gidaje, kuma ta amana ce. Mutum ya bar dukiyarsa a gidanka, a kan teburinka, a gaban ma'aikacinka, ya dawo ya tarar an yi gaba da ita. Wa zai biya? Duk wanda ya taɓa barin babur a hannun mai gadi, ko kaya a tasha, ya san zafin wannan tambaya.

Bari mu fara da abin da ake sacewa. A gidan caca ba a zube tsabar kuɗi a tebur. Za ka je kanta ka miƙa dalolinka, a ba ka wasu ƙwandaloli masu launi, waɗanda Turawa ke kira cips. Kowane launi da darajarsa. A yawancin gidaje fara dala ɗaya ce, ja dala biyar, kore dala 25, baƙa dala ɗari. Daga nan abin sai hawa yake, har ka ga ƙwandala ɗaya da za ka rufe da yatsu biyu, alhali dala 5,000 ce, wata ma 25,000. Sunan gidan ne a jikinta. Sunanka ba ya ciki. Idan jar ƙwandalarka ta shiga tarin na maƙwabcinka, to ta zama ɗiyar gero a cikin buhu.

Shi kuma wasan kartar da suke kira poka ya bambanta da sauran wasannin gidan. A sauran, kai da gidan kuke karawa. A poka kuwa, baƙi ne ke cin junansu. Gidan ya ba da tebur, ya ba da kujeru da karta, ya zaunar da ma'aikacinsa yana rabo, sannan ya cire la'adarsa daga abin da aka tara a kusan kowane zagaye, ko ya karɓi kuɗin zama bisa lokaci. Ko wa ya ci, ko wa ya faɗi, gidan ya samu. Ku riƙe wannan magana ta la'ada, za mu dawo kanta.

To mu ƙaddara mutum ya zauna tun bayan la'asar. Ƙarfe ɗaya na dare ya yi, gabansa akwai tari huɗu na jajaye, da wasu korayen, da baƙaƙe shida da ya jera a sama don kowa ya gani, domin ƙa'ida ce ba a ɓoye manya a bayan ƙanana. Fitsari ya matsa masa. Ya ture kujera, ya ce wa mai rabo yanzu zai dawo. Cikin mintunan nan takwas da ya yi, an canza mai rabo, domin suna karɓa-karɓa ne kusan duk rabin awa. Mai kawo abin sha ta zo ta tsaya ta wuce. Wani ya tashi, wani ya zauna. Idanun kowa na kan kartar da ake buɗewa a tsakiyar tebur. Da ya dawo ya kai hannu, sai ya ji tarin ya yi masa gajarta. Baƙaƙe huɗu ne, ba shida ba. Ya dubi na damansa, ya dubi na hagunsa, kowa fuskarsa kamar an shafe ta da ruwa, domin ai sana'ar wurin ke nan, kada a karanci zuciyarka a fuskarka.

Sai ya kira mai kula da zauren. Abin da zai ji kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ka yi haƙuri, za mu duba kyamara, amma ka sani gidan nan ba ya ɗaukar alhakin abin da aka bari a tebur.

Ba daga bakinsa ya ƙago maganar ba. Akwai wani kundin ƙa'idojin poka da wani ɗan Amurka mai suna Bob Ciaffone ya tsara, ana kiransa Robert's Rules of Poker, wanda ɗakunan karta da yawa suka ɗora dokokinsu a kai. Kundin ya yarda mutum ya kwashe kuɗinsa idan zai tashi, don tsaro, da sharaɗin ya maido su cif idan ya dawo. Ya kuma wanke gidan daga duk wani giɓi da aka samu a abin da aka bari. A takarda wannan kamar adalci ne. Amma a zahiri wa zai loda ƙwandala ɗari biyu a aljihu don zai zagaya? Kuma 'yan teburin ba sa son ganin haka, domin rage kuɗi daga tebur da sunan za a dawo da su tsohuwar dabara ce ta masu son tsira da abin da suka ci. Al'adar wurin ita ce ka bar kayanka su riƙe maka kujera. A gasar poka ma ya fi haka tsanani: ka kuskura ka sa ƙwandalar gasa a aljihu, to ka yi asararta, wataƙila har da kujerar.

Yanzu ga inda abin ya fara ci mini rai. Ƙwandalar nan ta wace ce? A dokokin caca na Nevada, a sashe na 12 da ya yi magana kan ƙwandaloli, an faɗa ƙarara cewa ƙwandala mallakar gidan da ya buga ta ce, ba ta kowa ba. Abin da ke hannunka shaida ce kawai cewa kana bin gidan bashi. Dokar ta wajabta wa gidan ya fanshi ƙwandalarsa daga hannun abokin cinikinsa ba ɓata lokaci, ta kuma hana shi fansa daga wanda ya san, ko ya kamata ya san, ba abokin cinikinsa ba ne.

Wani mutum mai suna Nolan Dalla ya ɗanɗana wannan doka a 2007. Sananne ne a harkar, marubuci ne, kuma a lokacin shi ne ke kula da hulɗa da 'yan jarida a babbar gasar poka ta duniya da ake yi a Las Vegas. Wani abokinsa da yake bi bashi ya biya shi da ƙwandala ɗaya ta dala 5,000 ta gidan MGM Grand, abin da 'yan caca suka saba yi a tsakaninsu shekara da shekaru. Ya kai kanta. Aka tambaye shi inda ya samo ta, ya faɗi gaskiya. Aka riƙe ƙwandalar, aka ba shi rasit, ya fita ba ko sisi. Hujjarsu ita ce ba a tabbatar ta hanyar wasa a gidan aka same ta ba, kuma ai dama kayansu ne.

Ku haɗa waɗannan biyu ku gani, masu sauraro. Ranar da ka kawo ƙwandala kana neman kuɗi, tasu ce, suna da ikon bincikar asalinta har kakanninta. Ranar da aka ɗauke ta daga gabanka a kan teburinsu, taka ce, kai ka sani. Wannan shi ne tuwona maina.

Kuma kada wani ya ce ba su da ƙarfin bin sawun ƙwandala. Ga labarin da ya nuna ƙarfin nasu. Da asubahin ranar 14 ga Disamba, 2010, wajen ƙarfe huɗu saura, wani mutum ya tsayar da babur a ƙofar gidan Bellagio, ya shiga da hular kwano a rufe da fuskarsa, da bindiga a hannu. Ya nufi teburin da ake jefa 'ya'yan lido, ya kwashe ƙwandaloli na kimanin dala miliyan ɗaya da rabi, ya hau babur ya ɓace. Duk abin bai wuce 'yan mintuna ba. Mafi yawan darajar abin da ya ɗauka tana cikin manyan nan ne, 'yan dala 25,000.

Me gidan ya yi? Kafin watan ya ƙare ya ba da sanarwa cewa ya soke wannan samfurin na 25,000 gaba ɗaya. Duk mai riƙe da ita ya kawo kafin 22 ga Afrilu, 2011, bayan nan ta zama tarkace. Dokar Nevada ta yarda da haka muddin an ba jama'a wa'adin aƙalla kwana 120. Kuma irin wannan ƙwandala ba kowa ke da ita ba, gidan ya san manyan baƙinsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ɓarawon ya wayi gari da dukiyar da ba ta cinyewa. Sunansa Anthony Carleo, yana da shekara 29, ɗan wani alƙali ne a birnin. Ya koma Bellagio ɗin ya kama ɗaki, yana caca da ƙananan, yana neman wanda zai sayi manyan a kan araha. A farkon Fabrairun 2011 ya sayar wa wanda bai san ɗan sanda ne ba, aka cafke shi a cikin gidan da ya yi wa fashi. Da aka haɗa da wani fashin da ya yi kwanaki kaɗan kafin nan a ɗakin poka na gidan Suncoast, hukuncinsa ya kama daga shekara tara zuwa 27.

Gidan ya yi daidai da ya kare dukiyarsa, ba ni da ja a nan. Abin da nake so ku lura da shi, na'urar da ta motsa. Kyamara a kowace kusurwa, masu kallo a ɗaki na musamman dare da rana, rajistar manyan baƙi, lauyoyi, 'yan sanda. Tun 2005 da aka buɗe gidan Wynn a garin, ya zo da ƙwandaloli masu 'yar ƙaramar na'ura a ciki da ke amsa kiran rediyo, ta yadda za a iya tantance kowace da lambarta. Gwamnatin tarayya kuma ta wajabta a cike takarda kan duk hada-hadar tsabar kuɗi da ta haura dala 10,000 a rana. Ba na jin akwai kasuwa a duniya da ake sa wa ido kamar zauren caca. Duk wannan ido, in kuɗin gidan aka taɓa, farkawa yake. In na baƙo ne, sai a ce masa ai an rubuta a bango.

Akwai ma wani lissafi da ba a cika faɗa ba. Mutumin da aka sace wa babbar ƙwandala ya riga ya biya kuɗinta lakadan a kanta. Kuɗin na cikin asusun gidan. Idan ɓarawo ya ji tsoron kawowa, ko ya kawo aka ƙi fansa, kuma ba a biya wanda aka sace wa ba, ina kuɗin suka tafi? Suna nan inda suke. Bashin da ke kan gidan ya mutu ba tare da ya fitar da ko taro ba. Mai kaya ya yi asara, ɓarawo bai ci ba, wanda aka yi satar a ɗakinsa shi ya tashi da riba. Ban ce da gangan suke yi ba. Amma tsarin da mai gida ke ƙaruwa da satar da aka yi wa baƙonsa, tsari ne da ke buƙatar gyara.

To su ma suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa in muka ce za mu biya, gobe abokai biyu za su haɗa baki, ɗaya ya tashi, ɗaya ya ɗauka, su zo su karɓa a wurinmu su raba. Suna cewa wa ya san nawa ne a tarin kafin ya tashi? Kyamarar da ke sama tana ganin kan tari ne, ba lallai ta ƙirga tsawonsa ba. Suna cewa mai rabo aikinsa karta da lissafin abin da ke tsakiya, ba gadi ba. Kuma gaskiya ne wasu baƙin da sakaci: a sha a bugu, a bar dubban daloli a tafi cin abinci awa guda. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da aka fi gani a aikace shi ne a duba hoton. In ya nuna hannun ɓarawo kuma yana nan, a ja shi gefe a ce ya maido, a kore shi daga gidan, a kira 'yan sanda in mai kaya ya so. In ya riga ya fice, sai a ce maka ka kai ƙara, kai da shi. Hoton ma galibi ba a ba ka, sai hukuma, kuma ba a daɗe ana ajiye shi ba, wani bai fi mako guda ba. Wani lokaci gidan kan biya daga aljihunsa, amma da sunan kyautatawa, ba da sunan haƙƙi ba. Kun kuwa san wanda kyautatawa ke fara samu: babban baƙon da ake tsoron ya koma gidan maƙwabta. Direban tasi da ya zo da dala ɗari uku, shi sai haƙuri.

A Nevada akwai hukumar sa ido kan caca, kuma doka ta ce in gardama ta tashi tsakanin gida da baƙo kan abin da aka ci ko aka faɗi, in ta kai dala 500, dole gidan ya sanar da hukumar nan take. Hanya ce mai kyau. Amma an shimfiɗa ta ne don gardamar wasa. Sata kuwa sau da yawa sai a ce laifi ne tsakanin mutum da mutum, a tura ka wajen 'yan sanda.

Ko da abin ya shafi jama'a da yawa, kotu ba ta cika ɗora wa gidan laifi ba. A Janairun 2014, a gidan Borgata na Atlantic City a jihar New Jersey, wani mai suna Christian Lusardi ya shigo da jabun ƙwandaloli cikin wata babbar gasar poka. Asirinsa ya tonu ne da ya zuba ragowar a masai a otal ɗin da ya sauka, bututu ya toshe. Aka soke gasar saura mutum 27, kowannensu na hangen kyautar farko da ta haura dala dubu 370. Hukuma ta ce a ba kowane dala 19,323. Wasu daga cikinsu suka kai gidan kotu suna cewa sakacinsa ne ya bar jabu ya shiga, ba su yi nasara ba. Lusardi ya samu shekara biyar, aka kuma ce ya biya gidan diyya.

Na ce za mu dawo kan la'ada. Mu nan mun san wani tsari da kakanninmu suka yi fatauci da shi daga Kano zuwa Gwanja, kuma har yau da sauransa a zangon Kumasi da unguwar Sabo ta Ibadan. Falke zai sauka a gidan fatoma, ya damƙa masa kuɗinsa da kayansa. Maigidan na samun rabonsa a cinikin. Saboda wannan rabo, in dillalinsa ya haɗa baƙo da wanda ya ci bashi ya gudu, maigida ne ke tsayawa, domin ya san ranar da aka ce dukiyar baƙo ta salwanta a gidansa ya noƙe, ranar gidan ya mutu. Malamanmu na Malikiyya ma sun rarrabe: wanda ka ba ajiya don Allah ba ya biya sai in ya yi sakaci, amma mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane yana aiki a kai don lada, kamar tela ko marini, shi ana lamuntar da shi. Ba ina auna gidan caca da ma'aunin fiƙihu ba ne, harkar tun daga tushe ba ta halatta ba. Hankalin da ke cikin hukuncin nake nufi, wanda Bahaushe ya dunƙule da cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Don haka ni ra'ayina a fili yake. In mutum ya sa ƙwandala a aljihu ta faɗi, ko aka tare shi a wurin ajiye motoci, wannan wata magana ce daban. Amma in ya sanar da mai rabo zai tashi, ya bar kayansa a kan teburin gidan kamar yadda al'adar gidan ta koya masa, aka ɗauka a ƙarƙashin kyamarar gidan, to gidan ya biya shi a daren, sannan shi gidan ya bi ɓarawon. Shi ke da hoton, shi ke da masu gadi, shi ke da lauya, shi kuma doka ta ce ƙwandalar tasa ce. Baƙon da ya zo daga wata jiha, jirginsa zai tashi gobe da safe, da me zai bi wanda ko sunansa bai sani ba?

Tsoron haɗin baki kuwa maganinsa ba shi da tsada. Wasu ɗakunan dama suna da wani akwatin roba mai haske da ake kifawa a kan ƙwandalolin wanda ya tashi, idan za a bar wani ya yi wasa a kujerarsa kafin ya dawo. A kifa shi don kowa. Wanda tarinsa ya yi yawa, a ƙirga a gabansa a gaban mai rabo, a rubuta a 'yar takarda, a ba shi. Aikin minti ɗaya ne ga mutanen da ke ƙirga ƙwandala da yatsu ba tare da sun duba ba. Wanda ya ƙi a ƙirga masa, shi ya zaɓa, ba ya da bakin magana. Wanda ya yarda, in ya dawo daga bayi ya tarar da baƙaƙe huɗu, takardar hannunsa ta ce shida, sai a ciro biyu daga kanta a cika masa, a ci gaba da rabo.